Ranar da Gawon Bushiya Ya Yi Ƙaura

Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta tafe tana haki!

Ta zo mu ji ta, mu ba ta ruwa ta sha.

To madalla, ku gyara zama. Wai a wani gari can, garin da ba rafi ba fadama, noma sai abin da sama ta zubo, akwai Kurege. Kun dai san Kurege, ɗan jiki, babbar wutsiya, baki kuwa ya fi wutsiyar tsawo. Ubansa ya rasu ya bar masa gona, gona ta kirki, ga gawo ga kalgo ga magarya tsaye a cikinta. Ba a yi sadakar arba'in ba Kurege ya wasa gatari. Ya sare gawo, ya kai kasuwa, ya dawo da ƙuliƙuli. Ya sare kalgo, ya kai kasuwa, ya dawo da ƙuliƙuli. Ya sare magarya, ya kai kasuwa, ya dawo da ƙuliƙuli da ɗan yaji. Kafin shekara ta zagayo babu inda ƙadangare zai fake a gonar nan.

Kowace bazara kututturan nan su yi toho, shi kuma ya bi su da adda, ya tara ya cinna wuta. Wannan shi ne sassabe a wurinsa, kuma duk garin babu mai yin sassabe da zafi irin nasa. In ya gama sai ya hau suri, ya riƙe ƙugu, ya dubi gonar ta yi fes kamar an share tsakar gida, ya ce, "Wannan ita ce gona!"

Maƙwabciyarsa ta iyaka kuwa Bushiya ce, wata tsohuwa mai tafiya a hankali, mai magana a hankali, wadda in ta fara ba ka labari da hantsi sai ka nemi inuwa. Gonarta cike take da itatuwa, a tsakiya kuma ga wani ƙaton gawo, wanda mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinsa. Kullum Kurege ya hango ta sai ya ɗaga murya.

"Gwaggo Bushiya, sannu da aiki! Gona ce wannan ko kurmi? In gatari ne ba ki da shi, ki yi magana mana, a taimaka miki."

Bushiya ta ɗago kai ta ce, "Sannu dai, ɗan nan." Shi ke nan, ta ci gaba da abin da take yi.

Damina ta faɗi. Aka yi ruwan shuka, kowa ya ɗauki sungumi. Kurege ya shuka gero, gero ya tsiro, ya yi kunne biyu. Sai hadari ya haɗo daga gabas, kafin ruwa iska ta riga shi isowa. Ta shigo gonar Kurege ba ta sami ko kara ɗaya da zai ce mata daga ina ba. Ta kwashi yashi ta yi ta zabga wa shukar nan, wadda ta yanke ta yanke, wadda ta binne ta binne. Kurege ya sake shuka, iska ta sake zuwa. Ya sake shuka, iska ta sake zuwa. A karo na uku matarsa Kuregiya ta kife masa ƙwaryar iri a gabansa, ta ce, "Maigida, ga ta nan, sai dai ka shuka ƙwaryar."

Ɗan abin da ya tsira kuma, ruwa ya ɗauke ƙafa kwana ashirin, rana ta gasa shi ya nannaɗe. Amma fa ƙetaren iyaka, geron Bushiya kore shar, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa. Da kaka ta yi, Bushiya ta cika rumbu har ta rasa inda za ta sa saura, Kurege kuwa ya ɗauko nasa amfanin a hammata ya kawo gida.

To, garin nan suna da al'ada. Gona gadon mutum ce, amma duk wanda ya kashe gona, karɓewa ake yi a ba wanda zai raya ta. Mai kula da wannan shi ne Kunkuru, Sarkin Noma, dattijon da ya ga kakan kakan kowa. Bayan kaka ya zo zagaye, ya tsaya a gonar Kurege, ya debi ƙasa ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa fara fat.

Ya ce, "Ɗan marigayi, a gonar nan na ci tumu da ubanka. Damina ɗaya ta rage maka. In baɗi haka na tarar da ita, ta bar hannunka."

Kurege ya yi dariya a gaban mutane, ya ce ai shekarar ce ta zo da haka. Amma da ya koma gida dariya ta ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, don duk wayonsa da kwaɗayinsa yana son gonar nan. A cikinta aka yaye shi, kuma ba shi da wata.

Gari na wayewa ya laɓaɓa gonar Bushiya yana leƙe-leƙe. Ya duba karan gero da aka girbe, ya ga na bakin iyaka kamar yatsa, na gindin gawo kuwa kamar taɓarya. Ya tona ƙasar wurin, ya ga baƙa ce mai laushi. Sai ga Bushiya tafe da kwando.

"Gwaggo, ina kwana? Don Allah in tambaye ki. Me kike ba gawon nan yake ba ki gero haka?"

Bushiya ta ajiye kwando, ta nemi wuri ta zauna, ta gyara zani. Ta ce, "To, ka ga, ɗan nan, shi gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da rani yake ganye, shanu da awaki su zo su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar mini taki. In damina ta zo sai ya zubar da ganyen, ƙasa ta ci, rana kuma ta sami gero. To amma tun zamanin kakata, abin da ake yi shi ne..."

Ina! Kurege ya riga ya kai iyaka. Ya ji abin da yake so ya ji, wato gawo ke ba da gero. Shi kuwa ba shi da gawo, ga Bushiya da gawo, ga kuma ranar kasuwa na zuwa.

Bai zame ko'ina ba sai bakin tafki, inda Toron Giwa ke wanka. Shi Toro ba mugu ba ne, ƙarfi ne ya yi masa yawa, ga shi da son a yabe shi. Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Babban yaya, barka da hutawa. Wallahi jiya har na kusa yin dambe saboda kai."

Toro ya ce, "Saboda ni? Da wa?"

"A'a, bar maganar, kada ranka ya ɓaci. Wai ana hira ne a gindin gawon Bushiya, sai wasu suka ce duk dajin nan babu mai iya girgiza shi, balle ya tumɓuke. Na ce, ko yayana Toro? Suka ce, wane Toro, wancan da ya tsufa?"

Toro ya fito daga ruwa, tafkin ya ragu da rabi. Ya ce, "Nuna mini itacen!"

"Sannu a hankali, babban yaya, sai ranar kasuwa. Kuma tumɓukewa kawai ai ba abin mamaki ba ce. In kana so bakinsu ya mutu, ka ɗauke shi ka kafa a gonata, su zo su gani da idonsu."

Ranar kasuwa Bushiya ta ɗauki kwandon 'ya'yan gawo ta tafi sayar wa makiyaya. Tana ɓacewa Kurege ya yi fito, sai ga Toro. Ya naɗe gawo da hanci, ya ja, gawo ya ce bai san zancen ba. Kurege na tsalle yana kururuwa, "Ja, babban yaya, ja!" Toro ya ja, ƙasa ta tsage. "Ja, babban yaya, ja!" Toro ya kafa ƙafa huɗu, ya yi nishi, ya ja, sai ji kake ɓaras! Uwar saiwa ta tsinke can cikin ƙasa, gawo ya fito da guntun gindi. Toro ya saɓa shi, ya kai tsakiyar gonar Kurege, ya soka a rami, ya tattake. Kurege ya zagaya itacen sau bakwai yana rawa, yana waƙa, "Na yi gawo, na yi gero! Na yi gawo, na yi gero!"

Kwana ɗaya, ganye ya yi laushi. Kwana biyu, ganye ya yi ja. Kwana uku, ganye ya zube ƙasa, gawo ya tsaya tsirara a tsakiyar rani. Ita kuwa Bushiya, da ta dawo kasuwa ta tarar da rami a inda gawonta yake, ta zauna a bakin ramin ta yi kuka mai isarta, don kakarta ce ta raini itacen nan. Da ta share hawaye ta kama hanyar gidan Sarkin Noma, kuma kun san tafiyarta, shi ya sa sai a rana ta uku aka yi zaman shari'a.

A gonar Kurege aka zauna, gari duk ya hallara, Toro na can baya yana kaɗa kunne. Kunkuru ya dubi gawo, ya dubi Kurege.

"Ɗan marigayi, yaya aka yi gawon Bushiya ya zo gonarka?"

Kurege ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, da ƙafarsa ya zo. Na fito da safe na tarar da shi tsaye yana haki. Na ce, bawan Allah, lafiya? Ya ce shekara da shekaru yana yi wa Gwaggo bauta, ko sannu ba ta taɓa ce masa ba, shi ya sa ya yi ƙaura. Ni kuwa ba na korar baƙo."

Kunkuru ya ce, "Ikon Allah. To ina ganyensa?"

"Ranka ya daɗe, ai gawo ne. In damina ta matso tuɓe riga yake yi."

"Damina da sauran wata biyu."

"Zafin tafiya ne ya sa ya tuɓe da wuri, ranka ya daɗe."

Jama'a suka fara ƙus-ƙus, Kunkuru ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni kam na yarda. Dole da ƙafarsa ya zo, don duk dajin nan babu mai ƙarfin tumɓuke itace irin wannan. Da a zamaninmu ne, lokacin da ake giwaye na gaske, da sai in yi shakka. Na yanzu kuwa, ban da wanka da cin ciyawa me suka iya?"

Sai aka ji ƙasa ta girgiza. "Wa ya ce? Ni na tumɓuke shi! Ni kaɗai, ja uku! Kurege, faɗa musu mana, ba kai ke cewa ja babban yaya ba?" Toro ya ratso taro, don ya nuna yadda aka yi ya ɗan dafa gawon da hanci. Gawo ya yi luuu, ya faɗi rim, saura kaɗan ya danne Kurege. Gindinsa ya fito fili, ƙarmas, ba saiwa ko ɗaya mai rai.

Dariya ta kaure, har Bunsuru na birgima. Kurege ya nemi ramin shiga, babu, ga shi gonar ko ciyawar ɓuya ba ta da ita.

Kunkuru ya ce, "To, ga hukunci. Itace ka kashe, itace za ka biya. Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe na kaka mai zuwa, ka nuna wa Bushiya itace mai rai, tsaye da saiwarsa, wanda ya kai kafaɗar jaki, ta ɗauka ya zama nata. In babu, gonar ubanka ita ce diyyar gawonta."

Wayyo Kurege! Ya tsinci 'ya'yan gawo ya shuka, ya yi ta ɗibar ruwa daga tafki yana zubawa, ko ɗaya bai tsiro ba. Ya sari reshe ya kafa, gara ta cinye. Ya je daji ya ciro ɗan tsiro ya dasa, kafin azahar ya kwanta. Ya rame, wutsiya ta zube, ƙuliƙuli ma in an ba shi sai ya kau da kai. Kowa ya yi sassabe ya gama, shi ko tunawa bai yi ba.

Rannan Kuregiya ta ce, "Maigida, in ma karɓe gonar za a yi, a karɓe ta da mutunci. Je ka ga yadda ta yi ƙazanta, toho ko'ina, kamar ba gonarka ba."

Haushi ya kama shi. Ya fizgi adda ya nufi gona, ya sami wani kututture da toho ya rufe, ya ɗaga adda zai sara. Sai ƙaya ta soke shi a hannu. Ya tsaya ya duba: farar ƙaya, 'yan ƙananan ganye. Ya sake dubawa. Jama'a, gawo ne! Gawon ubansa ne, wanda ya sayar ya ci ƙuliƙuli, shekara da shekaru yana fitowa Kurege na sare shi. Ya kama tsiro ɗaya ya ja da ƙarfinsa duka, tsiro ko motsi, shi ne ma ya faɗi zaune. Saiwar na can ƙasa da ranta, ta kai inda ruwa yake.

Ya ruga kututture na gaba, kalgo! Na gaba, magarya! Na gaba, gawo kuma! Ya yi ta gudu daga wannan zuwa wancan yana ihu, "Suna nan! Suna nan! Ashe ba su tafi ba!" Har ya yi tuntuɓe da Bushiya, wadda ke tsaye a iyaka tana kallonsa.

Ta ce, "Abin da na fara faɗa maka ke nan rannan, ka gudu. Tun zamanin kakata, ba a shuka gawo a gona, rainonsa ake yi. Kowane kututture ka duba 'ya'yansa, ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, waɗanda suka miƙe. Sauran ka yanke, yanka na sama-sama da wuƙa mai kaifi, kada ka tsaga. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa. Ganyen da ka yanke kuma kada ka ƙona, bar shi a kwance ya rufe ƙasa."

Wannan karon Kurege ya tsaya har ta kai aya, kunne a miƙe. Da ta gama ya ce, "Ai na sani, Gwaggo, gwada ki nake yi."

Ya kama aiki ba ji ba gani. Amma kada ku ce Kurege ya shiryu. Yana yanka yana lissafi a ransa: itace ɗaya aka ce ya biya, ga kututtura sun fi arba'in. In ya raine su duka, ranar biya sai ya tura wa tsohuwa mafi ƙanƙanta, sauran kuwa bayan kaka gatari ya yi aikinsa, kasuwa ta yi nata. Daɗin wannan tunani ya sa ya yi ta aiki yana fito.

Sai ga wata sabuwa. Bunsuru ya hango kore a gonar da bai taɓa ganin kore ba, ya taho da iyalinsa duka, suna lasar baki. Kurege ya gan su tun daga nesa. Ya ruga gida, ya yayyage tsohon jan zanin Kuregiya, ya dawo ya bi kowane tsiro ya ɗaura masa ƙyalle. Bunsuru ya iso ya tarar da shi zaune yana sharar hawaye.

"Kurege, lafiya? Mene ne wannan ja-ja a jikin ganye?"

"Bari kawai, Malam Bunsuru. Kura ce ta zo jiya ta ɗaɗɗaura. Wai ta tsufa, farauta na ba ta wuya, shi ne ta shafa wa ganyen nan wani magani. Duk wanda ya ci, ƙanshin zai bi shi har gida, ita kuma ta bi ƙanshin. Na ce mata haba, maƙwabtana ne, ta ce in na faɗa wa wani da ni za ta fara. Amma bismilla, ku ci, wataƙila wasa take yi."

Bunsuru ya ja da baya. Ya ce, "A'a, a ƙoshe muke. Dama wucewa za mu yi." Tun daga ranar, akuya ko jan barkono ta gani a shanya sai ta canza hanya.

Damina ta faɗi, Kuregiya ta samo iri a gidan iyayenta, suka shuka gero tsakanin tsirran nan, suka sa wake. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa kamar yadda ta saba. Ta shigo da gudu, kalgo ya tare ta, ta kauce, magarya ta riƙe mata zani, ta juya, gawo ya soke ta. Yashin da ta kwaso ta zubar da shi a gindinsu ta wuce. Kurege ya fito daga inda ya ɓuya ya ga shukarsa tsaye, ya yi ta tsalle yana yi wa iska gwalo. Da ruwa ya ɗauke ƙafa, ya sa hannu ƙarƙashin ganyen da ya bari a kwance, ya ji sanyi, ya ga gara ta huda ƙasa ta shigar da rabinsa ciki. Gero ya ɗan sunkuya, amma bai mutu ba, ruwa na dawowa ya miƙe. Gonar ba ta kai ta Bushiya ba, kada in yi muku ƙarya, amma da kaka sai da Kurege ya nemi aron jaki.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe gari ya sake taruwa. Kunkuru ya debi ƙasa ya murza, ya gyaɗa kai. Aka jawo jakin nan aka tsayar da shi jikin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu sun kai kafaɗarsa, wasu har sun wuce kunnensa. Kurege ya sha sabuwar hula, yana ta kai da kawowa, gatarinsa kuwa a wase, a ɓoye cikin kara. Ya ja Bushiya zuwa wani ɗan siririn kalgo a can ƙarshen gona, wanda da ƙyar ya taɓo kafaɗar jaki.

"Gwaggo, ga naki. Dubi yadda ya miƙe! Saboda ke na fi ba shi kulawa."

Bushiya ta dubi kalgo, ta dubi sauran, ta juya wajen Kunkuru. Ta ce, "Sarkin Noma, cewa ka yi in ɗauka, ko cewa ka yi a ba ni?"

Kunkuru ya ce, "Ki ɗauka na ce. Zaɓi naki ne."

"An sa mini rana?"

Kunkuru ya ɗan lumshe ido. Ya ce, "Shi aka sa wa rana, kuma ya cika, gonarsa ta tsira. Ke ba a sa miki ba."

Bushiya ta ce, "To alhamdu lillahi. Ni tsohuwa ce, ba na gaggawa. Waɗannan duk yara ne, ba a san halinsu ba tukuna. A bar su su girma in ga wanda ya yi kama da na kakata. Kafin nan kuwa kada a sare ko ɗaya, don kada a sare nawa."

Kurege ya yi tsalle har hula ta faɗi. "Ranka ya daɗe, ɗaya aka ce! Ɗaya tak!"

Kunkuru ya ce, "Ɗaya ne mana. Wanne ne a ciki?"

Kurege ya buɗe baki, ya dubi itatuwa sama da arba'in, ya rufe.

Kunkuru ya ce, "Reshe dai ka rage, Kuregiya ta dafa tuwo, wannan ba laifi. Amma duk ranar da gindi ɗaya ya faɗi, na Bushiya ne ya faɗi, kuma ka san diyyarsa."

Shekara ta zagayo, Kurege ya je ya ce, "Gwaggo, kin zaɓa?" Ta ce, "Ina tunani." Wata ta zagayo, "Gwaggo, kin zaɓa?" "Ina tunani." Itatuwa suka yi ta girma, shanu suka dawo shan inuwa, rumbu ɗaya ya zama biyu, yara suka ƙoshi da magarya. Kurege ya yi ƙiba, yana yawo gari-gari yana cewa shi ya ƙago noma da itace, amma duk lokacin da ya wuce gindin gawo mai kauri sai ya haɗiyi yawu, ya auna shi da ido, ya yi ajiyar zuciya.

Har Bushiya ta gaji da tambaya. Ta koma in ta ji motsin ƙafa kawai sai ta dunƙule, ta ɓoye fuska, ta bar ƙaya a waje, kuma har yau haka take yi. Shi kuwa Kurege, in kun je gona za ku gan shi ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu, hannu a ƙirji, yana leƙen gabas yana leƙen yamma. Tsohuwar yake jira ta zo ta zaɓa.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege, da wutsiyar da komai! Mai neman darasi ga shi kyauta: in tsohuwa ta ce maka tana tunani, je ka nemi wata sana'ar, ta itace ta ƙare.